Na'ura A Ɗakin Karatu: A Auna Kafin A Saya

 Akwai wata magana da ta cika zaurukan malamai da rumfunan 'yan kasuwa a ƙasar Zazzau, watau maganar shigar da kwamfuta da wayar hannu cikin ɗakunan karatun yara. Duk wanda ya bi ta Kwangila, inda hanyoyin Kano da Kaduna da Sakkwato suka haɗu, zai ga allunan tallar makarantun kuɗi, kusan kowace tana yi wa iyaye alkawarin na'ura da sabuwar dabarar koyarwa. Masu makarantun Islamiyya kuwa suna zuwa wurin attajirai neman taimako don su ma su saya, shi kuma malamin allo ana gaya masa wai zamaninsa ya wuce. Tun da yake dukiyar jama'a da shekarun yara ne za a zuba cikin wannan sha'ani, ya kamata a auna shi yadda ɗan kasuwa yake auna kaya kafin ya biya.

Da farko dai, kada wani ya ce malaman ƙasar nan maƙiyan sabon abu ne, gama tarihi ya ƙaryata shi. Takardar da magabata suka rubuta littattafansu a kai, mai tambarin jinjirin wata uku, daga ƙasar Italiya fatake suke kawo ta ta hanyar Hamada, malamai suka karɓa hannu bibbiyu. Da injin ɗab'i ya zo, a Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka kuma riƙa buga takardu da ajami saboda waɗanda ba su san boko ba. A Kano 'yan kasuwa suka riƙa ɗaukar Alƙur'ani da littattafan fiƙihu rubutun hannu, a ɗauki hotonsu a buga da yawa, har littafin da a dā sai mai hali ya shiga gafakar talaka. Gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, ba a daɗe ba tafsirin watan azumi ya shiga gidaje, ya isa ga matan da ba su zuwa majalisi. Kowane ɗaya daga waɗannan an gwada shi, aka ga amfaninsa, sa'an nan aka riƙe shi.

Kuma lalle bukatar na'ura a yau gaskiya ce. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya. Ashe yaron da ya tashi a Kwangila, ga Jami'ar Ahmadu Bello can Samaru ba nisa, idan bai taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi, ko da ya fi kowa sani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, gwamnatin Jihar Kaduna ta koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, gidan da ke da akwatin rediyo ya sami abin da ya samu, wanda ba shi da shi ya zauna haka nan.

Amma fa sanin yadda ake taɓa na'ura daban, samun ilimi ta dalilinta daban. An gwada wannan a wasu ƙasashe da kuɗi masu yawa. Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta raba wa 'yan makarantar firamare ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000. A 2012 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantu 319 na ƙauyukan ƙasar, aka tarar yara sun iya sarrafa na'urar sosai, amma a lissafi da karatun harshensu ba su fi waɗanda ba a ba su kome ba. Irin wannan kwamfutar an kawo ta gwaji wata makarantar firamare a Galadima ta Abuja a 2007, shirin bai yaɗu a ƙasar nan ba. Dalili kuwa a fili yake. An ba yaro na'ura, an bar malaminsa yadda yake, darasin ma yadda yake. Takobi mai kaifi a hannun wanda bai koyi sara ba, nauyi kawai yake ƙara masa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nan gida ma akwai abin dubawa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya a kan yadda aka shirya jarrabawar, har ta tafi yajin aiki. To, ko da an rage wannan adadi da rabi, abin da ya saura ya isa ya nuna inda ciwon yake. Aji mai yara fiye da ƙima, malami bai ƙware ba, albashinsa ba ya isarsa, littafi babu, ina kwamfuta za ta shiga nan ta yi magani? Ɗan kasuwa kuma ya san kuɗin saye somin taɓi ne. Akwai wutar lantarki da ba ta tsayawa, akwai man injin, akwai batir, akwai kuɗin intanet kowane wata, akwai ƙurar hunturu da ke shiga cikin inji, akwai mai gyara da mai gadi. Bayan 'yan shekaru na'urar ta tsufa, alhali allon da uba ya yi karatu da shi yakan kai ga ɗansa.

Sai maganar sababbin dabarun koyarwa. Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin abin da ake kawowa da sunan sabo, makarantar allo ta daɗe da shi. Ana cewa a bar kowane yaro ya tafi gwargwadon fahimtarsa. To, a tsangaya kowa da allonsa, wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izifi, ba a wanke wa yaro allo a ƙara masa sai ya biya na jiya daidai. Ana cewa a sa yara su koyar da 'yan'uwansu. To, gardi shi ke biya wa kolo da titibiri tun kaka da kakanni. Turawa ma a Gabas suka gano wannan: wani Bature mai suna Andrew Bell ya ga yaran Madras ta ƙasar Indiya suna rubutu a kan rairayi, ya sa manyan yara suna koya wa ƙanana, ya buga bayanin dabarar a Ingila a 1797, makarantu suka ɗauka. A zamanin nan kuma wata ƙungiya ta Indiya mai suna Pratham ta fito da tsarin raba yara bisa abin da kowa ya iya, maimakon bisa shekarunsa ko ajinsa. An gwada shi sau da yawa an ga yana ɗaga karatu da lissafi, har an kawo shi wasu jihohin Arewa kamar Borno da Kano. Kayan aikinsa takardu ne da tsinkaye da alli, da malami wanda aka horar. Saboda haka makarantar boko ko Islamiyya da ke neman gyara, tana iya fara shi gobe ba tare da ta sayi inji ko ɗaya ba.

Wannan bai zama hujja ga malamin allo ya naɗe hannu ba. Akwai gyara a gefensa, kuma faɗin gaskiya shi ne zumunci. Yaro yakan yi shekaru har ya sauke, amma ba ya iya rubuta wasiƙa da ajami ko da boko, ba ya iya lissafin bashi da riba, ya zo kasuwa a cuce shi. Bulala takan yi yawa a hannun gardawa, har ta sa wa yaro ƙin allon. Malamai da yawa ba su da littafin da suke rubuta sunan yaro da na mahaifinsa da garinsu da inda karatunsa ya tsaya, kuma an ga illar haka a 2020 sa'ad da gwamnoni suka riƙa mai da almajirai jihohinsu. Gwamnatin tarayya ta gina makarantun almajirai, ta buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu suka lalace saboda rashin kula, a 2023 kuma aka kafa hukuma ta musamman don almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Malami mai hikima ba zai jira hukuma ba. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi wutar kara sauƙi ga idon yaro da ƙirjinsa a karatun dare da na asuba. Waya guda a hannun malami ta isa ya riƙa magana da iyayen yara, ya ɗauki muryar alaramma don masu tilawa su saurara, su kuma ɗauki tasu su ji inda suke kuskure. Sa'a ɗaya ranar Alhamis, da ake hutu, ta isa a koya wa yara lissafi da rubutun wasiƙa.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, karatun tsangayun ƙasar nan a ruwayar Warshu yake, da rubutu irin na Magrib, inda harafin fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Mafi yawan Alƙur'anin da ke cikin wayoyi kuwa ruwayar Hafsu ne, da rubutun Gabas. Dukansu ingantattu ne, amma yaron da yake biya allo da ɗaya yana saurarar ɗaya ba da jagora ba, sai ya cakuɗa su. Akwai na Warshu a cikin wayoyin, wajibin malami ne ya zaɓa da kansa. Na biyu, tun ƙarshen 2022 an sami manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa kamar mutum. Suna da amfani wajen harshe da lissafi, amma sukan yi kuskure su faɗe shi da ƙarfin zuciya, har su jingina wa littafi abin da babu shi a ciki. Malaman Kona da Juma a birnin Zariya, da sauran zaurukan ilimi, sun ginu ne bisa sanin wa ya karantar da wa. Abin da ba shi da malami ba a ɗaukar fatawa daga gare shi.

To, attajirin da aka zo wa da takardar neman taimakon na'ura, kada ya yi cinikin biri a sama, kada kuma ya kori masu nema. Ya tambaye su, an biya malamai haƙƙinsu na watan jiya? Kowane yaro yana da littafi da wurin zama? Wa zai koyar da na'urar, a ina ya koya? Wace wuta za ta tashe ta, wa zai gyara ta in ta lalace? Sa'an nan ya ce a gwada yaran yau a rubuta abin da kowa ya iya, bayan wata shida a sāke gwada su a gabansa. In amsoshin sun yi kyau, ya saya, kuma 'yan kwamfutoci kaɗan da manyan yara za su riƙa karɓa-karɓa a kansu don shirin jarrabawa sun fi ɗaki cike da injuna a kulle don nuna wa baƙi. In amsoshin ba su yi kyau ba, ya sa kuɗinsa a horar da malami da sayen littattafai da fitila, ladansa yana nan, amfanin kuma ya fi kusa.

Iyaye su ma kada kyan allon talla ya ruɗe su. Uba ya zaunar da ɗansa da daddare, ya ce ya karanta masa shafi ɗaya, ya rubuta masa wasiƙa, ya lissafa masa cinikin yini. Abin da ya gani a nan shi zai gaya masa ko kuɗin makaranta yana zuwa inda ya kamata.

Allah ya ba malamai basira, ya sa albarka a dukiyar masu taimako, ya shirya zuriya.