Raddi Ga Mai Cewa Canjin Wuri Ba Ƙirƙira Ba Ne

Wani ɗan'uwa malamin kimiyya a Gumel, Allah ya ƙara masa basira, ya yi da'awar cewa kamfanonin fim irin su Kodak da Fuji ba su cancanci haƙƙin mallaka a kan wurin da ake ajiye sirkin ƙarfe a cikin ƙwayar fim ɗin hoto ba, wai don abu ne zahiri ga duk ma'abocin sana'ar.

Hujjarsa ta farko ita ce kayan haɗin sanannu ne tun dā, wato azurfa da gishirinta da ƙarfen iridiyam da ake sirkawa. Wannan gaskiya ce, sai dai ba ta kai ga mas'alar ba. Ita ƙwayar, wadda faɗinta kan yi kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita, girma take yi sannu a hankali a cikin tukunyar jalatin, saboda haka lokacin da aka zuba sirkin, wanda sau da yawa bai kai ɗaya cikin miliyan na azurfar ba, shi ke hukunta ko a cibiya zai zauna ko kusa da ɓawo. Idan ya dace sai ya riƙe lantarkin da haske ya tayar na ɗan lokaci ya sake shi, hoto ya kamu ko da walƙiya guda ce, idan kuwa aka yi kuskure sai surar hoton ta ɓuya can ciki inda ruwan wankin hoto ba ya kaiwa. Ai mu a Jigawa mun ga misali: randa da yashi da ruwa babu wanda bai san su ba daga Gagarawa har Sule Tankarkar, amma sai da Malam Mohammed Bah Abba ya zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu tumatir ya yi makonni bai ruɓe ba, har malamin ya karɓi lambar Rolex a 2000.

Ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Ya ce wuraren kaɗan ne, ciki da tsakiya da waje, kowa zai jarraba su. Kotun Ƙolin Amurka ma ta karkata ga irin wannan ƙiyasi a shari'ar KSR da Teleflex a 2007, amma da sharaɗi, wato hanyoyin su zama ƙididdigaggu kuma ana iya hango sakamakonsu. Nan ɗan'uwana ya yi tuntuɓe, domin ƙwayar tana da siffa da girma da nau'in gishiri, kowanne yana sauya halin sirkin, kuma wanda ya kawo awo da ya nuna fa'idar da malaman fannin ba su zata ba, ya fita daga hukuncin zahiri. Wanda bai kawo ba, to a hana shi, ni ma fatawata ke nan.

Ta uku kuwa, cewa a Nijeriya takardar haƙƙin mallaka ba ta tabbatar da kome, na sallama masa rabinta. Dokar haƙƙin mallaka ta 1970 ta sharɗanta ƙirƙira, ta ba da shekara 20, alhali magatakarda ba ya binciken ingancin abin, sai dai cikar takardu. Amma dokar ta bar ƙofar Babbar Kotun Tarayya a buɗe ga mai neman a soke, kuma can awo ake tambaya. Ba a karɓar "ai kowa ya sani" irin ta rumfar kasuwar Maigatari ranar Alhamis.