Fam-akshan Ko Mai Ɗura Kanta? Musun Da Muka Aro Daga Amurka

Duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye, ko aka shiga unguwa da dare aka ɗauke mutane, sai maganar mallakar bindiga ta dawo sabuwa a wayoyinmu. Wannan ya ce fam-akshan ce maganin ɓarawo, wancan ya ce ai ta zama tsohon yayi, mai ɗura kanta ake yi yanzu. In ka bi diddigi, yawancin masu musun a bidiyon Amurkawa na YouTube da TikTok suka ga bindigogin. Tsoron da ke sa mu wannan magana gaskiya ne, babu mai raina shi. Amma kafin mu zaɓi ɓangare, ya kamata mu san me ake musu a kai, da kuma ko musun ya dace da halin da muke ciki.

Duka biyun dangin bindigar farauta ne, irin wadda harsashinta ke watsa ƙwayoyin dalma da yawa a harbi ɗaya. Bambancinsu yana wajen ɗuri. Fam-akshan, kamar Remington 870 ko Mossberg 500, sai mai harbi ya ja mariƙin gaba baya da hannunsa ya fitar da kwanson da aka harba, ya tura shi gaba sabon harsashi ya shiga. Mai ɗura kanta kuwa, irin su Benelli M4 da Beretta 1301, ƙarfin harbin ne yake yi mata wannan aikin, mutum kunama kawai zai sake ja.

Masu son fam-akshan suna cewa ta fi araha, ba ta da tsirfa, kusan duk harsashin da ya yi daidai da bakinta za ta ci. Rauninta yana jikin mai riƙe da ita: mutum in ya firgita, hannu na rawa, yakan kasa jan mariƙin har ƙarshe, sai ta cije a lokacin da ya fi buƙatarta. Mai ɗura kanta ta fi sauri, kuma da yawansu ba sa dukan kafaɗa sosai, amma tana da tsada, tana son goge-goge, wani lokaci kuma ta ƙi harsashi marar ƙarfi. Iya musun ke nan. Su kansu masu koyar da harbi a can sukan ƙare da cewa horo ya fi samfurin bindiga muhimmanci.

To, me ya sa Ba'amurke yake da damar zama ya yi wannan zaɓi kamar mai zaɓen waya? Saboda gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba shi 'yancin riƙe makami, kuma a 2008 kotun ƙolinsu ta tabbatar da cewa wannan ya haɗa da ajiye bindiga a gida don kare kai. Yana da shagon saye, yana da filin koyon harbi. Abokin gabar da yake hasashe kuma ɓarawo ne ɗaya ko biyu da suka fasa ƙofa, shi kuma yana so ya riƙe su kafin 'yan sanda su iso. Ka cire waɗannan abubuwa, musun ya tashi daga aiki.

Mu dawo gida. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin harba-ka-ruga, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa lasisi. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar. Sai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ga inda gizo ke saƙar: dokar ta cire bindigar farauta mai ɗura kanta, da duk wadda ke da wata na'urar sake ɗuri, daga rukunin na amfanin kai. Da wannan ne 'yan sanda ke lissafa fam-akshan cikin haramtattu. Wato duka biyun da muke ta ja-in-ja a kansu, ba abin da matashi zai cike fom a ofishin 'yan sanda ya samu ba ne. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba lasisi, hukuncin ɗaurin shekara goma ke jiransa. Ko lasisin ƙananan ma, a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce an dakatar da bayarwa.

Amma fa ba laifin matasa ba ne in sun rikice, domin manya ne suka fara magana biyu. A 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce mutane su kare kansu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa Katsinawa su nemi makami. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta 19 ta Zamfara don neman lasisin bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Gwamna ya ce ka saya, doka ta ce in ka saya za a ɗaure ka. Talaka ya bi wa?

A tsakiyar wannan ruɗani kasuwar bayan fage ke cin karenta ba babbaka. A Janairun 2017 kwastam sun kama fam-akshan 661 a Legas, a watan Satumba na shekarar kuma suka kama wasu 1,100 a tashar Tin Can, an shigo da su daga Turkiyya. Waɗannan su ne aka kama. Wanda ya saya ta wannan hanya ba takarda, ba horo, ba tabbacin ingancin abin da ya riƙe, kuma kuɗinsa ya shiga aljihun irin dillalan da ke sayar wa kowa, har da wanda yake tsoro.

Mu ajiye doka gefe, mu ce ka samu. Shin za ta yi aikin da kake tunani? Bindiga mai watsa ƙwayoyi ta kusa ce, ƙarfinta na raguwa sosai bayan 'yan gomman mitoci, kuma yawanci harsashi biyar zuwa takwas take ɗauka. AK-47 da 'yan bindigar daji ke yawo da ita tana cin harsashi 30 a gida ɗaya, tana kai wa mita 300. Kuma ba mutum ɗaya suke zuwa ba, gungu ne a kan babura. Ga ɓarawon da ya haura katanga, ƙila ta tsorata shi. Ga masu garkuwa da mutane su ashirin, gida ɗaya mai bindiga ɗaya yana iya zama gidan da za su fara da shi, domin su ma makamin suke nema.

Akwai kuma abin da bidiyon ba sa nunawa. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu a Amurka, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Bindigar da aka ajiye don ɓarawo tana zaune a gidan kullum, ranar da ɓarawo bai zo ba ma tana nan: ranar faɗan miji da mata, ranar rikicin gado, ranar da ƙaninka ɗan shekara goma ya gano inda ake ɓoye ta. Ka tuna yadda gidajenmu suke. Tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere, ƙofar kwano ko labule, lokacin zafi yara a kwance a waje, ga yayanka da ke dawowa daga hira ƙarfe ɗaya na dare ba wuta. Harsashi mai watsuwa bai san ɗan gida ba. Kar garin gudun gara a faɗa gidan zago.

Ba ina cewa a naɗe hannu a jira mutuwa ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya yarda da kare rai da dukiya da ƙarfin da ya dace, kuma garuruwa da dama sun kori mahara saboda sun haɗa kai. Amma ka lura, haɗin kai ne ya yi aikin. Shi ya sa ya fi kyau mu sa ido kan rundunonin da jihohi suka kafa, kamar jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Katsina a Oktoban 2023, da Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. Nan ma sai da taka-tsantsan. Tarihin 'yan sa-kai a Zamfara ya nuna mana cewa makami ba tare da hisabi ba yana haifar da kisan gilla da ramuwar gayya, har wutar ta fi ta da.

Don haka ga tambayoyin da suka cancanci datarmu. Wa ke tantance waɗanda ake ɗauka aikin tsaron al'umma? Ana biyan su a kan lokaci? In ɗayansu ya kashe marar laifi, wace kotu zai je? Me ya sa Majalisar Tarayya ba za ta fito da matsaya ɗaya bayyananniya kan lasisi ba, ko a buɗe da sharuɗɗa da horo da rajista, ko a rufe a daina tura talaka ya karya doka? Sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati. Wannan bashi ne a kanta, mu ne masu bin sa.

A matakin unguwa kuwa, akwai abin da ba ya buƙatar lasisi: ƙofa mai ƙarfi, fitilar sola a lungu, usur, zauren WhatsApp na maƙwabta, lambar DPO da ta mai unguwa a wayar kowa, da sanin baƙon da ya kama haya a layinku. Ba su da armashi a bidiyo, amma ba su taɓa kai kowa gidan yari ba.

Ɗan'uwa, in aka sake tambayar ka fam-akshan ko mai ɗura kanta, ka ce masa a ƙasarmu duka biyun shekara goma ce. Sannan ka tambaye shi sunan ɗan majalisarsa.