Idan Ma'aikacin Asibiti Ya Ci Amana, Wa Zai Biya?

A wannan wata za mu taɓo maganar da ba a cika son furtawa ba, wato yi wa marasa lafiya lalata a asibiti. Kowa ya yarda cewa wanda ya aikata ya cancanci ɗauri. Abin da ake jayayya a kai a kotuna shi ne, shin asibitin da ya ɗauke shi aiki, ya ba shi farar riga da ɗaki mai ƙofa, shi ma yana da alhaki?

A shekarar 1995 Kotun Ƙoli ta jihar Kalifoniya da ke Amurka ta duba irin wannan ƙara. Wata matashiya mai juna biyu ta je a ɗauki hoton cikinta, ma'aikacin ya ci zarafinta. Mafi yawan alƙalan suka ce abin da ya yi son zuciyarsa ne, ba ya cikin aikin da aka sa shi, saboda haka ba za a ɗora wa asibiti laifi don kawai shi ya ɗauke shi aiki ba.

To amma akwai wata hanya ta biyu, wato tuhumar asibiti da sakacinsa na kansa. Nan lauyoyi ke tambaya: an binciki halin mutumin kafin a ɗauke shi? An taɓa kawo ƙorafi a kansa? Da aka kawo, me shugabanni suka yi?

Dubi abin da ya faru a birnin Niyok. Robert Hadden ya kasance likitan mata a Jami'ar Kolombiya. A 2012 wata da yake dubawa ta kai ƙararsa ga 'yan sanda, aka kama shi. Bayan 'yan kwanaki sai aka bar shi ya koma duba mata, ya yi makonni yana yi. A 2016 ya amsa laifi, ya rasa lasisinsa, amma bai shiga kurkuku ba. Sai a 2023 wata kotun tarayya ta ɗaure shi shekara 20.

Matan ba su tsaya kansa ba, suka maka jami'ar da asibitin da ya yi aiki a kotu. A 2021 aka sasanta da mata 79 a kan dala miliyan 71.5, a 2022 aka sasanta da wasu 147 a kan dala miliyan 165, sannan a 2025 da mutum 576 a kan dala miliyan 750. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya mayar da mutum ɗakin duba mata bayan 'yan sanda sun kama shi, ba ya da bakin cewa bai sani ba.

Dokar Amurka dabam take da ta ƙasashenmu, amma darasin ya shafe mu. Asibiti yakan kare kansa ne da cewa babu wanda ya faɗa masa. Duk lokacin da dangi suka ce a rufa asiri saboda kunya, ko aka sasanta a zaure, an ba asibiti wannan hujja ke nan, kuma an bar mai laifin da 'yar wani gobe.

Don haka idan irin wannan ya auku, Allah ya kiyaye, a rubuta ƙorafi ga shugaban asibiti, a sa kwanan wata da sunan ma'aikacin, a ajiye kwafi, a kuma sanar da 'yan sanda. Mace kuma kada ta ji nauyin neman nas ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗaki lokacin da ake duba ta. Likitan kirki ba zai ƙi ba, don shi ma kariya ce gare shi. Iyaye da mazaje, ku saurari wadda ta kawo kuka, kada ku fara da tambayarta me ya kai ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.