Tafkin Gidimuni Amana Ne a Hannunmu

Ya kai mai karatu, ka taɓa bin hanyar Zinder zuwa Gure? Bayan tafiyar kamar kilomita 70 za ka iso Gidimuni. Ko'ina tudun rairayi ne, sai kwatsam ka ga ruwa shimfiɗe. Ga dabino, ga rake, ga garake shar, ga masunta, ga tsuntsaye iri-iri.

Wannan arziki ba na jiya ba ne. A shekarar 1852 wani Bajamushe mai suna Barth ya ratsa nan, ya rubuta labarin ruwan a littafinsa. A 2019 kuma aka sa tafkin cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Baƙi sun san darajarsa. Mu fa?

Akwai masu cewa: "Ruwan Allah ne, ba ya ƙarewa." Da wannan magana suke sare itatuwan kan tudu su sayar. Da ita suke kama ƴaƴan kifi da gidan sauro. To, a tambaye su: Tafkin Cadi ba na Allah ba ne? Ya ninka namu sau dubbai, amma farin 1973 da na 1984 sun janye shi, har jiragen masunta suka kwana a kan ƙasa.

Ka duba yadda abin yake. Saiwar itace ce ke riƙe rairayi. In an sare itacen, iska ta kwashi rairayin ta zuba a garka, ta zuba a tafki. Bana taki ɗaya, baɗi taki biyu. Ran da idon ruwa ya toshe, mai gatari ma ƙishirwa zai ji.

Wani zai ce: "Talauci ne, da me za a dafa tuwo?" Gaskiya ne, akwai talauci. Amma wanda ya ci irin shuka don yunwar yau, me zai shuka da damina? A sassabe reshe, a bar uwar itace. A bar gawo ya girma a gona. A saki ƙaramin kifi ya hayayyafa.

Kada mu zauna jiran gwamnati. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigari ya kira gayya, a kafa shinge a kan tudu, a dasa itace a bayansa. Kai da ka iya karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan takarda yau da dare. Kakanninmu sun bar mana ruwa. Kada mu bar wa jikokinmu rairayi.