Madarar Manja: Ribar Kamfani, Asarar Makiyayi

Jama'a makiyaya da ƴan kasuwar dabbobi, ruwa ba ya tsami banza. Kowa na ganin yadda garin madara ya cika kantuna daga Yamai har Maraɗi da Damagaram, alhali matanmu na yawo da ƙwaryar nono cikin rana suna neman mai saye. Wannan abu shiri ne da aka tsara a ofisoshin manyan kamfanonin Turai, kuma ya kamata mu san yadda aka ƙulla shi.

Tun 1984 ƙasashen Tarayyar Turai suka ƙayyade yawan madarar da masu shanunsu za su tatsa. A 2014 Rasha ta rufe ƙofarta ga madararsu, a 2015 kuma suka soke ƙayyadewar. Madara ta yi musu yawa, har garin da hukuma ta saye ta jibge a rumbuna ya haura tan 350,000 a 2017. Ina za a kai shi? Sai ido ya juyo Afirka ta Yamma.

Ga dabarar da suke kira sabuwar fasaha. A tsame man shanu daga madara a sayar da shi da tsada. Abin da ya saura a zuba masa manja, wanda ya fi man shanu arha nesa ba kusa ba, a busar, a ɗura a buhu mai kilo 25. Harajin shigowa da CEDEAO ta fara aiki da shi a 2015 kashi 5 cikin 100 kacal ya ɗora wa irin wannan buhu. Idan ya iso sai a ƙulla shi a ƙananan leda, ko a dama shi a yi yawur. Wace saniya ce ke ba da manja?

Ba su tsaya nan ba, sun shigo har cikin gida. Danone ta Faransa ta sayi hannun jari a Fan Milk a 2013, ta mallake shi duka a 2019. Arla ta Danmak, mai madarar Dano, ta haɗa gwiwa da Tolaram a Najeriya a 2015. Wanda ya riƙe masana'anta da motar rabo da kanti, shi ke yanka farashi.

Suna cewa nononmu ba ya isa, da damina ya yi yawa, da rani ya ƙafe. Gaskiya ne. Amma me ke ƙafar da shi? An cinye burtali da gonaki, dusa da harawa sun yi tsada, ga ƙarancin wurin sanyaya madara kusa da rugage. Cibiyoyin tara madara na Hamdallaye da Kollo sun nuna cewa idan akwai mai saye kullum, makiyayi zai kawo. Suna kuma cewa talaka na son mai arha. To, a rubuta masa a kan leda cewa manja ne a ciki, ya zaɓa da idonsa. Arha ba ta ado.

Ku ƴan kasuwa, kada ku ce babu ruwanku. Kuɗin nono ne ke sayen hatsi da magani a ruga. Ranar da ya yanke, makiyayi zai fito da karsana da saniya mai ciki ya sayar. Bana ku samu da sauƙi, baɗi ku nemi na kai wa Kano da Legas ku rasa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kenya ta ɗora harajin kashi 60 cikin 100 a kan madarar waje, masu shanunta kuwa su ke ciyar da masana'antunta. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO a 2025. Yanzu ne lokacin sake duba wannan haraji.

Muna kira ga hukuma ta ɗaga harajin garin manja, ta hana a kira shi madara, ta wajabta wa kowace masana'anta sayen wani kaso daga makiyaya. Mu kuma mu haɗa kai cikin ƙungiyoyinmu, mu kula da tsabtar ƙwarya, kada mu tsarma ruwa a nono. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana dukiyarmu, amin.