Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Abin Da Na Koya A Jinyar Tiyatar Basir

Makonni uku ke nan wannan fili bai fito ba, kuma duk wanda ya aiko yana cigiya amsa ɗaya na ba shi: "Ɗan aiki aka yi mini." Wasu sun zaci ido ne, wani ma har addu'a ya yi mini Allah Ya raba ni da ciwon zuciya. To, yau zan fasa ƙwai. Tiyatar basir aka yi mini, a wani asibiti a nan arewacin Ingila. Abin da ya sa zan faɗa kuwa, kunyar da ta sa na ɓoye ta kusa jawo mini abin da ya fi basir ɗin.

A gida mun saba mai magani ya ɗora lasifika a kan mota a bakin kasuwa, ya kwatanta basir dalla-dalla, ya jingina masa ciwon baya da kasala da raunin mazakuta, kowa yana dariya. Amma ranar da ya kama mutum da gaske sai baki ya mutu. A wurin likita, basir jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura, kuma mataki 4 ne. Na 1 yana ciki ba ya leƙowa, na 2 yana fitowa ya koma da kansa, na 3 sai an mayar da shi da hannu, na 4 ba ya komawa. Yawancin masu shi ba sa buƙatar wuƙa, gyaran abinci ko ɗaure shi da 'yar roba ya wadatar. Nawa na yi ta jinkiri da shi har ya kai matakin ƙarshe. Irin aikin da aka yi mini shi ne wanda likitoci biyu, Milligan da Morgan, suka bayyana a asibitin St Mark's na Landan a 1937: a yanke tsiron, a bar raunin a buɗe ya cike da kansa.

A ranar aka sallame ni. Ƙa'ida ita ce wanda aka yi wa allurar barci ba ya tuƙi, kuma sai wani babba ya kai shi gida ya zauna da shi na awa 24. Na roƙi wani ɗalibi ya ɗauko ni, muna isa ƙofa na yi masa godiya na sallame shi, don kada ya tambaye ni abin da aka yi. Wannan ne kuskurena na farko.

Na biyu ya shafi bayan gida. Duk wanda aka yi wa wannan aiki zai gaya maka cewa fitar farko ita ce abin tsoro. Ni sai na yi wa kaina dabara: na rage cin abinci, na riƙa danne shi, na kuma dage da shan maganin ciwo mai kodin a ciki. Ashe rami nake haƙa wa kaina. Kodin yana ƙulle ciki, kuma duk kwanan da bayan gida ya ƙara a hanji ƙara tauri yake yi. Ranar da ya zama dole, sai da na riƙe bango. Ga abin da ya kamata in yi tun farko, wanda kuma na koma yi.

A sha maganin laushin bayan gida da asibiti ta bayar, irin laktulos ko Fybogel, tun daga ranar farko, kada a jira sai ciki ya ƙulle. A sha ruwa kofi 6 zuwa 8 a rana. A ci abinci mai harza, wato dussar jikin hatsi da ganye da 'ya'yan itace; a Birtaniya shawarar hukuma ga babba ita ce giram 30 a rana. A nan ba mu da asara, domin wake da zogale da kuka da kuɓewa da alayyahu duk ana samunsu a shagunan 'yan Afirka, ga gwanda da lemu da burodin alkama mai dussa. Farin burodi da taliyar leda da ɗalibai suka mayar abincin kullum a rage su. Yaji da kilishi kuwa a ba su hutu, don yadda suka shiga da zafi haka za su fita.

Idan bayan gida ya zo a tafi nan take. A ɗora ƙafafu a kan 'yar kujera, domin masan zama na ƙasashen nan bai kai tsugunon da muka saba sauƙin fitarwa ba. Kada a yi yunƙuri, kada kuma a shiga da waya a share minti 20 ana duba WhatsApp. Shan farasitamol kafin shiga yana rage azaba, amma babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, kuma a duba, domin wasu ƙwayoyin masu kodin akwai farasitamol a cikinsu.

Butarmu ta yi mini rana. Da nas ta ce in guji busasshiyar takarda in riƙa wankewa da ruwa, sai na yi murmushi, domin da haka muka tashi. Bayan tsarki sai zama a baho na ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, sannan a tsane wurin a hankali ba tare da gurzawa ba. Iyayenmu mata sun san wannan zama tun daga jego, sai dai a nan ruwa mai ɗumi ake so, ba mai ƙuna ba. Wata gwaggona da daga baya ta ji labari ta ce za ta aiko da bagaruwa da wani gari na sha. Na yi mata godiya, na ce likita ya ce ruwa zalla. Buɗaɗɗen rauni ba wurin gwajin magani ba ne. Ɗan jini da ruwa-ruwa za su riƙa fita har makonni, don haka na ajiye girman kai na sayi audugar mata, kuma ta fi bandeji amfani.

A dare na 9 ne abin ya so ya ɓaci. Na shiga banɗaki sai ga jini da gudaji, ba ɗigon da na saba gani ba, kaina kuma ya fara juyawa. Ni kaɗai a gida. Na fi minti 10 ina tunanin wanda zan kira ba tare da na ji kunya ba. Daga ƙarshe na buga wa maƙwabcina, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi. Shi ya kira motar asibiti ya kuma bi ni. Da gari ya waye, jini ya tsaya, ya dube ni ya ce, "Malam, ashe basir ne? Ai ni ma an yi mini shekarun baya. Da ka faɗa da tun ranar farko Hajiya na kawo maka miyar kuka." Na ce, "Baba, kunya ce." Ya ce, "Kunyar ce za ta kai ka asibiti da tsakar dare?"

Likita ya bayyana mini cewa irin wannan zubar jini takan faru tsakanin mako ɗaya zuwa biyu bayan aiki. Saboda haka a riƙe waɗannan alamu: jini mai yawa ko gudaji, zazzaɓi, mugunya, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kasa yin fitsari, ko kwanaki ba bayan gida. A Birtaniya a kira 111, idan jinin ya ƙi tsayawa ko jiri ya zo a kira 999. A Amurka 911. Duk ƙasar da kake, ka san lambar gaggawarta kafin ranar aiki.

Ga ma'aikata da ɗalibai, kada a yi wa kai alkawarin komawa bayan kwana uku. Zafin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, cikar rauni kuma takan kai mako 6 ko fiye. A Birtaniya kwana 7 na farko kai za ka shaida rashin lafiyarka, bayan nan sai takardar likita. Jami'o'i suna da hanyar neman ƙarin lokaci saboda lalura, kuma ba sai malaminka ya san sunan ciwon ba. Masu aikin ɗaukar kaya da masu tuƙin tasi su fi kowa haƙuri, don nauyi da dogon zama suna dawo da hannun agogo baya. Tafiya kaɗan-kaɗan a cikin gida tana taimakawa. Salla ma an sauƙaƙa wa marar lafiya. Ni kwanakin farko zaman tahiya ya gagare ni, na yi yadda zan iya.

Abu na ƙarshe, ba kowane jini a bayan gida ne basir ba. Sankarar hanji ma tana zuwa da shi, kuma jiƙon da aka aiko daga gida ba zai bambance maka su ba. Wanda ya ga jini ya je a duba shi.

Idan an sa maka ranar aiki, kafin ka sayi baho da wake, ka zaɓi mutum ɗaya ka gaya masa gaskiya, ka ba shi makullin gidanka. A baƙunci ba uwa ba ƙanne a tsakar gida, wanda ka gaya wa shi ne danginka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa Baba da Hajiya da alheri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.