Yaɓe Kafin Damina

Sau da yawa idan katanga ta faɗi cikin watan Agusta, akan ɗora wa ginin ƙasa laifi, a ce zamaninsa ya wuce. Wannan hukunci babu adalci a cikinsa. Gidan Makama na Kano, wanda asalinsa ya kai ƙarni na 15, shaida ne cewa ƙasa ba ta gazawa sai an yi mata sakaci.

Abin da ke wuyan maigida kaɗan ne. Da bazara ta kama, ya hau soro ya share indararo, ya toshe tsaga, ya duba azara. Sa'an nan ya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ya kwaɓa da ƙasa ya yi yaɓe, domin ita ke hana ruwa ratsa bango. Shafa siminti a kan ƙasa kuwa kuskure ne, gama yakan riƙe damshi har ya ɓamɓare. Darbejiya ma a dasa ta nesa da gini saboda saiwarta.

Wanda ya ƙi aikin kwana biyu da bazara, zai yi na wata guda da kaka, in ma rufin bai danne iyalinsa ba. Rigakafi dai ya fi magani.